Ina Roƙon Allah a Kama Ɗana

Kentucky, watan Maris

'Yata Nadine,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Russell da 'yan biyu. Ni da sauƙi, gwiwa ce dai take ta tsiyarta, kunne kuwa ya riga ya yi ritaya. Likita ya maƙala mini wani abin ji da ba ya komai sai fito kamar butar shayi, shi ya sa na daina ɗaukar waya. Ki rubuto kawai, idona yana nan garau.

Kin san na sayar da gidanmu na bakin rafi, na koma gidajen tsofaffi na gwamnati da ke bayan coci. Ɗaki biyu ne da kicin, ɗaya na kwana, ɗaya na tarkace. Wurin ba laifi, sai dai manajar tana da dokokin da suka fi na Annabi Musa yawa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maƙwabciyata Misis Odom, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce 'yarta ta yi sabon saurayi, kuma kafin ta yarda ya kai ta cin abinci sai da ta buga sunansa a kwamfuta, ta ga duk kamun da 'yan sanda suka taɓa yi masa, har da hoto. Na ce yanzu haka duniya ta koma? Ta ce ai ko mai yankan ciyawa za ki ɗauka sai kin duba shi. Sai na tuna ai aikinki ke nan a kamfanin gidajen hayan nan, duba masu neman ɗaki.

Nadine, ki duba mini Dalton. Tun ranar da muka binne babansa ya saɓa jaka ya fita, yau shekara tara ke nan, ko kati bai aiko ba. Na san halin da ƙwaya ta jefa shi, ba sai an ɓoye mini ba. Ɗa ɗaya gare ni, kuma ina so in san ko yana duniya. Cikakken sunansa Dalton Ray Tackett, ranar haihuwarsa kin sani, tunda ke ce kike cinye masa kek duk shekara.

Gwaggonki,
Verna

Oklahoma, watan Afrilu

Gwaggo,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin kina lafiya. Mu ma lafiya lau, 'yan biyu sun fara fitar da haƙori, gidan ba zama. Russell yana gaishe ki, ya ce har yanzu bai ci burodin masara irin naki ba.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Lokacin canjin gidaje ne, takardun masu neman haya sun taru mini kamar wanki. Batun Yaya Dalton kuwa, na duba. Gwaggo, abin da na gani ba na rubutawa a takarda ba ne. Ki bari in zo hutun bazara mu zauna, in gaya miki ido da ido. Kafin nan ki riƙa shan maganinki, ki kwantar da hankalinki.

'Yarki,
Nadine

Kentucky, watan Afrilu

Nadine,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Lafiyata kada ki tambaya.

Na karanta 'yar takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Shekarata saba'in da ɗoriya, na san abin da ake nufi in an ce wa tsohuwa a bari sai an zo ido da ido. Haka sojoji suka yi wa mahaifiyata a kan yayanmu. Haka likita ya yi mini a kan kawunki, baban Dalton.

Na je wurin Fasto, mun yi addu'a, na yi kukan da zan yi. Na tambayi masu maƙabarta ko akwai sauran wuri kusa da babansa, sun ce akwai. Abu ɗaya nake nema a wurinki, kuma ba zan jira bazara ba. A wane gari ne, kuma wa ya binne shi? In gunduma ce ta binne shi a cikin marasa gata, zan je in ɗauko abina. Kada ki sake ce mini in kwantar da hankali. Ni na yi miki wankan farko da hannuna, ba za ki lallashe ni kamar jaririya ba.

Verna

Oklahoma, watan Mayu

Gwaggo, Gwaggo, don Allah ki yafe mini!

Ba mutuwa ba ce! Ban ga takardar mutuwa ko ɗaya da sunansa ba, na duba har jihohi uku. Da na karanta wasiƙarki a ofis sai da na shiga banɗaki na kulle kaina. Russell ya ce ni da na yi makaranta na kasa rubuta magana ɗaya miƙaƙƙiya, kuma gaskiyarsa.

Kunya ce ta hana ni. Ga takardun nan na saka miki, ki gani da idonki. Kamu huɗu ne, duka a Indiana, a gundumomi daban daban. Na farko an same shi yana kwana a wani kangon gida. Na biyu ya ɗauki nama a kanti bai biya ba. Sauran biyun na ƙwaya ne. Na ƙarshen shekara biyar ke nan da yinsa, daga nan ban ga komai ba. Akwai hotuna biyu irin waɗanda 'yan sanda ke ɗauka a jikin bango.

Ki gane ni, Gwaggo. A wurin aikina, in shafi irin wannan ya buɗe, ko fuskar ba na kallo, maɓallin ƙi nake dannawa in wuce na gaba. Haka aka koya mini, haka nake yi kullum. Ranar nan sai ga fuskar da ta koya mini keke tana kallona. Na ce in Gwaggo ta ga wannan zuciyarta za ta buga, ashe ɓoyewar ce ta kusa kashe ki.

Shafin kotun Indiana a buɗe yake ga kowa, kyauta. Na rubuta miki yadda ake shiga a bayan takardar nan, ko za ki so wani ya nuna miki.

'Yarki mai laifi,
Nadine

Kentucky, watan Mayu

'Yata Nadine, sakarya ta gidanmu,

Na yafe miki. Ina lafiya, har na ci wake kwano biyu yau. Ki shafa mini kan yara.

Kunyar me? Ke kin ga ɓarawon nama, ni na ga yaro mai jin yunwa da ya samu abin da zai ci. Na zauna da hotunan nan a bakin taga da tabarau biyu. A na farko ya rame, gashi duk ya cukurkuɗe. Amma ki dubi na biyun da kyau. An yi masa aski, kuma wuyan rigarsa an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinkin hannu, irin wanda na koya masa. Tabon girarsa yana nan, wanda kika yi masa da gwangwanin madara kina 'yar shekara shida, taubashin naki bai taɓa kai ƙararki ba. Na sa almakashi na yanke allon lambar da ke ƙasa, na manna hoton a jikin firji. Misis Odom ta shigo ta ce, "Verna, wannan ba hoton ofishin 'yan sanda ba ne?" Na ce, "Naki ɗan da ke da hoton makaranta, yaushe rabon ya zo?"

Da shekara tara ce ban san komai ba. Yanzu kin dawo mini da huɗu daga ciki. Saura biyar.

Akwai wata Malama Opal a laburaren garinmu, ta koya mini shiga shafin. Kullum da safe ina can, ni ce ta farko a bakin ƙofa, ina buga sunansa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsaga. Zan gaya miki abin da ban gaya wa Fasto ba. Duk sanda zan danna, sai in ce Ubangiji ka sa a kama shi. Ba babban laifi ba, ko fitilar mota ce ta mutu, ko ya tsallaka titi inda aka hana. In aka kama shi yau, yau ɗin yana da rai, yana da gado, za a ba shi abinci. Wace irin uwa ce ke roƙon haka? Ga ta nan, gwaggonki.

Verna

Kentucky, watan Agusta

Nadine,

Gaisuwa. Wannan ce wasiƙata ta biyu a watan nan, ban ji daga gare ki ba. Ina fata ba wani abu ne ya samu yara ba.

Ana share mini ɗana. Ran nan na buga sunan, sai na ga uku maimakon huɗu, na kangon gidan ya ɓace. Na ce ko yatsana ne, Opal ta buga da kanta, uku dai. Bayan 'yan makonni na naman ma ya tafi. Jiya na je, saura ɗaya tak.

Na yi kuskuren gaya wa Misis Odom. Ta riƙe hannuna ta ce, "Verna, ki yi haƙuri. Lokacin da mijina ya rasu haka suka yi ta cire sunansa, daga na masu zaɓe, sai na fansho, sai na asibiti. Gwamnati ba ta ajiye sunan mamaci, wuri yake ci mata." Ban so in yarda ba, amma na tuna haka aka yi da kawunki, ɗaya bayan ɗaya ofisoshi suka manta da shi.

Yau ban je laburare ba. Tsoro nake ji in buga in ga fari fat, ba komai. Na dafa abinci na kasa ci, na ba kyanwar manaja. Wancan karon kin ce ba mutuwa ba ce, na yarda. Wannan karon ki gaya mini gaskiya a layin farko, kada ki zagaya.

Verna

Oklahoma, watan Satumba

Gwaggo,

Yana da rai. Ga shi a layin farko kamar yadda kika ce.

Yanzu bari in gaishe ki. Ina fata kin samu sauƙi. 'Yan biyu ne suka kwanta da ƙyanda ɗaya bayan ɗaya, ni ma na bi su, wasiƙunki biyu suna cikin akwati ban sani ba. Yanzu duk mun miƙe.

Ki ce wa Misis Odom ta tsaya a kan saƙar safa. Kotu ba ta share laifin mamaci, Gwaggo. Ina ganin sunayen mutanen da suka mutu tun ban shiga makaranta ba, laifinsu na nan daram. Abin da kika gani wani abu ne daban. In mutum ya yi shekaru ba a sake kama shi da komai ba, yana iya zuwa kotu ya roƙi a rufe tsofaffin laifuffukansa, kada mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki ya sake ganinsu. Sai ya bi gunduma gunduma, ya sa hannu a gaban shaida, wani lokaci ya tsaya gaban alƙali. Ba wanda zai yi masa in ba shi ba. Duk layin da ya ɓace miki, Yaya Dalton ne ya je da ƙafarsa ya goge shi. Shirun shekara biyar ɗin nan da kike tsoro, shiryuwa ce.

Na duba ɗayan da ya saura. An sa ranar zama, Talata ta biyu a watan Oktoba da safe, kuma kotun ba ta da nisa da ke, kina haye gadar kogi kin kusa. Zaman a buɗe yake, kowa na iya shiga ya zauna.

Ga abin da ke damuna. In alƙali ya amince, sunan zai ɓace gaba ɗaya, ni da ke ba mu da sauran inda za mu gan shi. Kuma ban san ko yana so a same shi ba. Mai yiwuwa ya fara sabuwar rayuwa ne, ba ya son komai na da, har da mu. Ban faɗa don in karya miki gwiwa ba, na dai yi alkawarin daina ɓoye miki abu. In za ki je, ki je da shirin ko wanne.

Tun ranar nan na fara kallon fuskokin kafin in danna. Manajana ya ce aikina ya yi sanyi. Oho dai.

'Yarki,
Nadine

Kentucky, watan Nuwamba

'Yata Nadine,

Gaisuwa da fatan yara sun warware sarai. Ki ce wa Russell na gode da kiran da ya yi ta yi, na ga wayar tana haske, ban dai ji ta ba. Na san kin ƙagu, na bar ki ne ki ɗanɗana abin da kika yi mini.

Na je. Opal ce ta kai ni a motarta, ta ɗauki hutu musamman. Na sa rigata mai ruwan toka ta zuwa coci, na zauna a bencin baya, na ce wa kaina in bai waiwayo ba ba zan yi motsi ba, ganin ƙeyarsa ma ya ishe ni. Aka yi ta kiran mutane, ni kuwa ba na jin komai sai fiton abin kunnen nan. Can sai wani mutum ya miƙe, ya yi ƙiba, furfura a gefen kai, sanye da kwat ɗin da ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Ban gane shi ba, Nadine. Ni da na yi wata biyar ina kallon hotonsa. Sai da ya sosa bayan kunnensa na hagu, yadda babansa ke yi in an tsare shi da tambaya.

Alƙaliya ce, mace. Tana magana yana amsawa, ni ba na ji, sai na sa hannu na murɗa abin kunnen don in ƙara masa ƙarfi. Ke, ai sai ya ƙwalla wata ƙara da ta cika kotun! Ɗan sandan ƙofa ya zabura, alƙaliya ta cire tabarau, kowa ya waiwayo. Shi ma ya waiwayo.

Ya daɗe yana kallona. Alƙaliya ta yi magana bai ji ba, ta sake, sannan ya nuna ni ya ce wani abu. Opal ta rubuta mini a tafin hannunta: ya ce wannan ce dalilin. Ban fahimta ba. Na dai ga matar ta sa hannu a takarda, ta miƙa masa, tana murmushi.

A waje ya durƙusa a gabana a kan matakala, ƙaton mutum, yana kuka har da majina. Na ce, "Tashi, kana ɓata wa mai kwat kwat ɗinsa." Ya kawo bakinsa kusa da kunnena mai ɗan dama ya ce, "Mama, wa ya gaya miki?"

Na ce, "Kullum ina duba ka a kwamfuta. Kai kuma wane irin mugu ne, kogi ɗaya ne tsakaninmu ka kasa hayewa?"

Ya ce, "Ni ma ina duba ki, Mama."

Ashe shekara biyu da suka wuce, bayan ya samu aiki a wani garejin gyaran manyan motoci, ya je gidanmu na bakin rafi ya tarar da baƙi. Ya ɗauka na mutu. Sai ya buga sunana a irin shafukan nan naku, suka nuna masa inda na koma. Ya kira ofishin manajarmu bai faɗi sunansa ba, ya tambaya ko ɗa zai iya zama da uwarsa ya kula da ita. Ta ce sai an duba shi, kuma in aka ga ƙwaya a tarihinsa ba zai zauna ba, in kuma ya zauna a ɓoye uwar ma za a iya korarta. Shi ne ya ajiye waya ya fara bin kotuna.

Na ce, "To ba sai ka zo ka gaishe ni ka koma ba? Gaisuwa ma sai da takardar alƙali?"

Ya ce, "Mama, na san ki. In na shigo ba za ki bar ni in fita ba, ko da za a watso mana kaya titi."

Na dai ɗaka masa duka da jakata, ɗan sandan ƙofa ya kau da kai.

Manaja ta duba shi makon jiya a gabana. Ta buga sunan, ta sake bugawa, ta ce, "Misis Tackett, ɗanki ba shi da komai." Na ce na sani, ni na haife shi. Mun kwashe tarkacen ɗaki na biyu, Misis Odom ta kawo labule, tana ta gaya wa mutane wai ita dama ta san yana raye. Ya ga hoton jikin firji ya ce don Allah in cire. Na ce alƙaliya ta share nata, wannan nawa ne, shi ya riƙe ni. Mun daidaita na mayar da shi cikin Littafi Mai Tsarki.

Ya ce in gaya miki bai manta da gwangwanin madara ba, ki zo Kirsimeti da yaran ya rama a kansu. Kuma 'yata, in mai irin shafinsa ya zo neman ɗaki, ki ci gaba da kallon fuskar, ko manajanki zai fashe.

In kin buga sunansa yanzu ba za ki ga komai ba, fari fat. Kada gabanki ya faɗi. Yana nan kicin yana ƙona mini burodin masara, bari in je.

Gwaggonki,
Verna